Karkatar harsashi: wacce ce ke kaiwa allo, wacce ke tsayawa a kan geji?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ku masu bin gasar harbin nesa ta Amurka da Ingila. Kullum masu haɗa harsashin kansu suna maganar cewa ƙwayar ta zauna a tsakiyar kwanso (gidan tagullar da ke riƙe da ita) cak, wasu har suna ware duk wanda ya wuce 0.002 na inci. A ce mutum yana da bindiga .308 Winchester mai maƙogwaro (ramin da ƙwaya ke fara bi a cikin bututu) irin na kamfani, harsashinsa na nuna 0.004 a geji, wato na'urar auna karkatar ƙwaya. Zai ga bambanci a allon harbi, ko dai kasuwar masu sayar da geji ce kawai?

Mai kula da zaure: Wa alaikumus salam. A ci gaba, amma a tuna cewa maganar wasan gasa ake yi a ƙasashen da doka ta yarda mutum ya haɗa nasa. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba tare da izini ba. Kada kowa ya kawo awon albarushi nan.

Injiniya Kabiru: Ƙanina Nura, kafin a kai ga allo sai a san me gejin yake faɗa, don nan ake fara ruɗewa. Ana kwantar da harsashi a kan madogara biyu, ɗaya kusa da gindin kwanso, ɗaya bayan kafaɗa. Sai a ɗora bakin agogon awo a kan ƙwayar, a juya harsashin da yatsa zagaye ɗaya. Tazarar da allura ta yi daga ƙasa zuwa sama ita ake rubutawa. To wannan adadin ninki biyu ne na ainihin gocewar. Idan allura ta yi yawo 0.004, ƙwayar ta bar tsakiya da 0.002 ne, wato kusan milimita 0.05.

Sannan wurin da ka ɗora bakin agogon yana canza amsa. Ƙwayar da ta karkata tana ƙara nisa da tsakiya yayin da kake matsawa wajen tsini. Harsashi ɗaya zai iya ba ka 0.002 dab da bakin kwanso, ya ba ka 0.005 kusa da tsini, musamman dogayen ƙwayoyin nan na harbin nesa. Saboda haka idan wani ya ce nasa 0.001 ne, tambaye shi a ina ya auna. Yawanci ana aunawa a kan lanƙwasar gaban ƙwaya, ɗan gaba da inda jikinta ke fara sirancewa, wurin da zai fara taɓa tsagin bututu.

Baba Tanko: A ƙara da cewa gejojin ma ba jinsi ɗaya ba ne. Na Sinclair da RCBS CaseMaster jikin kwanso suke riƙewa. Na Hornady kuwa gindi da tsinin ƙwaya yake kamawa, allura na tsakani. Harsashi ɗaya, lamba biyu daban, kuma na Hornady ya fi ba da ƙaramar lamba. Mutum biyu sai su kwana suna musu alhali kowa da ma'auninsa.

Ni dai ra'ayina a kan tambayar Nura: yawancin masu auna wannan abin lokacinsu suke ɓatawa. Iska ɗaya da ba ka karanta daidai ba a yadi 1000 ta fi duk karkatar akwatinka ɓarna.

Injiniya Kabiru: Baba, maganar iska gaskiya ce, amma kada mu ce abin ba shi da tushe. Lissafinsa a fili yake. Idan ƙwaya ta shiga tsagin bututu a karkace, tsagin zai zana jikinta a karkacen, kuma cibiyar nauyinta ba za ta hau kan layin tsakiyar bututun ba. Muddin tana ciki, bangon bututu na tilasta wa cibiyar nauyin ta riƙa zagaya wannan layin. Da ta fita baki babu mai riƙe ta, sai ta tafi gefen da take fuskanta a daidai lokacin. Franklin Mann ya nuna haka tun 1909 da ƙwayoyin da aka ɓata nauyinsu da gangan.

Ga adadi. Bututu mai murɗa ɗaya a inci 8, wato tsaginsa na juya ƙwaya sau ɗaya a kowane inci 8, gudun ƙwaya ƙafa 2700 a daƙiƙa: ƙwayar na juyi sau 243,000 a minti. Kusurwar gocewa ita ce 6.28 sau tazarar cibiyar nauyi, a raba da tsawon murɗa; amsar a radiyan take fitowa, sai a mayar da ita MOA, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri. Idan tazarar 0.0001 ce kacal, a murɗa ta inci 8 za ka samu kusan 0.27 MOA. A murɗa ta inci 10 kuwa kusan 0.22. MOA ɗaya inci 1.047 ne a yadi 100. A allon gasar harbin nesa ta F-Class na yadi 1000, da'irar X faɗinta inci 5 ne, ta maki goma inci 10. Kun ga rubu'in MOA ba abin rainawa ba ne a wurin.

Ku lura gudu bai shiga lissafin kusurwar ba, murɗa ce ta shiga. Shi ya sa 'yan gasar benci (inda ake ɗora bindiga a kan tebur a yi harbi) na yadi 100 da 200 masu harsashin 6 PPC suke zaɓar murɗa mai sanyi, wajen inci 13 ko 14, iyakar abin da zai tsayar da gajeriyar ƙwayarsu.

Nura: To Injiniya, idan 0.0001 na ba da rubu'in MOA, ai 0.002 zai ba da MOA biyar kenan. Amma ba a ganin haka.

Injiniya Kabiru: Madalla da wannan tambaya. Ba a ganin haka domin abin da geji ya auna a tebur ba shi ne abin da ke shiga bututu ba. Tsakaninsu akwai maƙogwaro, wato ɗan santsin ramin da ke gaban mazaunin kwanso kafin tsagi ya fara. Shi ke miƙar da ƙwaya. Sannan ƙwayar da ta karkata ba duka take gocewa ba, gaba ya yi nan baya ya yi can, cibiyar nauyi na kusa da tsakiya, don haka abin da ya rage mata kaɗan ne daga abin da ka gani a tsini.

Malam Habu: Nan ne zancen yake, kuma nan ne amsar Nura take. Ku kwatanta maƙogwaro biyu bisa ma'aunin SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin bindiga da harsashi a Amurka. Na .308 Winchester faɗinsa 0.310, ƙwayar kuma 0.308, wato akwai sarari 0.002, tsawonsa kuma 0.090 ne kawai. Na 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ta fitar a 2007, faɗinsa 0.2645 a kan ƙwaya mai 0.264, sarari 0.0005, tsawonsa kuma 0.199. A na biyun, kana rufe sakata jikin ƙwayar ya riga ya shige rami mai matse shi ta ko'ina. Wuyan tagulla siriri ne, shi zai ba da kai. Ƙwayar da ta nuna 0.004 a geji za ta miƙe tun kafin a taɓa kunama. A na farkon kuwa tana da filin da za ta zauna a karkace, ta yi tsalle ta daki tsagi a haka.

Mai son tabbatarwa ya ɗauki harsashin gwaji marar albarushi marar firaima (abin da ke kunna albarushin) wanda ya karkata sosai, ya auna, ya sa a bindiga ya rufe, ya fitar da shi a hankali yana tare shi da yatsa kada ya gogi gefe, ya sake aunawa. A matsattsen maƙogwaro lambar za ta sauka. A sakakke za ta fito yadda ta shiga.

Don haka mutum biyu za su iya yin gwaji da gaskiya, ɗaya ya ce yana da tasiri, ɗaya ya ce babu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Dakta Rabi: Akwai tsohon gwajin A. A. Abbatiello da ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, ta buga, a kan harsashin gasa na soja .30-06 mai ƙwaya giren 173 (giren ma'aunin nauyi ne). Abubuwa biyu ne suka fito. Warwatsuwar harbi ta riƙa ƙaruwa da karkata har zuwa wajen 0.004, inda ta kai kimanin MOA ɗaya, daga nan ƙarin karkata bai ƙara komai ba, wanda ya yi daidai da bayanin Malam Habu cewa maƙogwaro na da iyakar abin da zai bari. Na biyu, idan aka yi wa gefen da ya fi tudu alama aka riƙa sa shi yana kallon wuri ɗaya kullum, ɓarnar na raguwa da kusan rabi, saboda duk ƙwayoyin gefe ɗaya suke gocewa.

Amma fa bindigogin wancan zamanin ne da maƙogwaronsu. Kada a ɗauki lambar a liƙa wa bututun gasa na yau.

Baba Tanko: Yauwa Dakta, kin taimake ni. Wancan zamanin.

Dakta Rabi: Ban gama ba, Baba. Akwai inda kake da gaskiya fiye da yadda ka faɗa, akwai inda ba ka da ita. Kurakuran harbi ba tara su ake yi kai tsaye ba. Kowanne ana ninka shi da kansa, a haɗa, a ɗauki tushen jimlar. Bindigar da ke harba MOA 1, ka ƙara mata kuskuren 0.3, sakamako 1.04 ne. Babu idon da zai ga wannan. Bindigar da ke harba 0.25, ka ƙara mata 0.3 ɗin nan, ta koma 0.39. An fitar da mai ita daga gasar benci kenan. Karkata ɗaya, ga wani ba komai, ga wani ta gama da shi.

Sai matsalar gwaji. Girman tarin huji biyar yana hawa da sauka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matsakaicinsa ko da ba a canza komai ba. Wanda ya harba miƙaƙƙu biyar da karkatattu biyar ya zo yana ba da hukunci, sa'a ya auna. Gwajin kirki shi ne a ware kashi biyu masu nisa da juna, a ce ƙasa da 0.001 da sama da 0.004, kowanne aƙalla 25 zuwa 30. Wani ne zai riƙa miƙo harsashin ba tare da mai harbi ya san wanne ne ba, ana cuɗanya su, ɗaya daga nan ɗaya daga can, don zafin bututu da canjin iska su faɗa wa kowane kashi daidai. A yi a yadi 100 da sassafe. A auna nisan kowace huda daga tsakiyar tarin a ɗauki matsakaici, kada a tsaya ga huji biyu mafi nisa kawai.

Sadiƙ: Ni abin da nake so a fayyace shi ne daga ina karkatar take zuwa. Mutane na sayen dayis ɗin dasa ƙwaya mai tsada (dayis shi ne ƙarfen da ake tura kwanso ciki don matse shi ko dasa masa ƙwaya), lamba ta ƙi sauka.

Malam Habu: Saboda a mafi yawan lokuta ba wajen dasawa aka samu matsalar ba, an riga an ɓata wuyan tun wajen matse kwanso. Hanyar ganowa ita ce a auna wuyan kwanso a kowane mataki.

Fara da kwanson da ya fito daga bindiga bayan harbi. Ya ɗauki siffar mazauninsa, don haka wuyansa ya kamata ya nuna 0.001 ko ƙasa. Idan tun nan ya nuna 0.003, ko dai mazaunin ba a yanka shi daidai ba, ko tagullar ba ta da kyau, kuma babu dayis da zai gyara na farkon. Sai a cire ƙwallon faɗaɗa wuya daga dayis a matse kwanson, a auna. Sai a mayar da ƙwallon a matse wani, a auna. Nan galibi ɓarawon yake fitowa. Dayis na gama-gari yana matse wuya fiye da kima, sannan a jawo ƙwallo ta ciki yayin fitar da kwanso. A wannan lokacin jikin kwanson ya riga ya saki bangon dayis, ba abin da ke riƙe da shi sai leɓen gindi, ga ƙwallo na ja da ƙarfi. Idan sandar ƙwallon ta ɗan kauce, ko cikin wuyan a bushe yake, wuyan zai bi ta.

Magunguna, daga mai sauƙi: a goge cikin wuya da buroshi a sa garin girafait. A sassauta goron da ke ɗaure sandar, a ɗaure shi lokacin da ƙwallon ke cikin wuya ana ja, don ta nemi tsakiya da kanta. A sa zoben roba ƙarƙashin goron dayis don ya ɗan yi wasa. Idan an gaji da wannan, a cire ƙwallon gaba ɗaya, a faɗaɗa wuya da sanda mai shiga daga sama a mataki na daban, mai kauri 0.002 ƙasa da ƙwaya. Ita turawa take yi, kwanson na zaune daram a kan gindinsa. Dayis ɗin Lee mai damƙe wuya a kan sanda shi ma yana ba da miƙaƙƙen wuya, ga araha, sai dai a haɗa shi da dayis ɗin jiki don mayar da kafaɗa baya da 0.002.

Sadiƙ: Dayis mai bushin, wato ɗan zoben ƙarfen da ke matse wuya, fa? Ai shi ake cewa ya fi.

Malam Habu: Ya fi idan mazaunin wuyan bindigar matsattse ne. A na kamfani yakan ba da kunya. Duba .308 ɗin Nura. Wuyan mazauni wajen 0.344, kwanso zai fito 0.343. Tagulla mai kaurin wuya 0.0145, idan an dasa ƙwaya wuyan zai zama 0.337, don haka bushin da ake buƙata 0.335 ne. Ka ga ana neman a rage 0.008 a tashi ɗaya, bushin kuma sakakke ne a gidansa, ba abin da ke tilasta masa layi. Da ragin ya wuce 0.005, wuya na fara kaucewa, wani lokaci ma ya fito ƙasa da lambar da ke jikin bushin. A yi shi mataki biyu, 0.339 sannan 0.335. Kuma kada a danne bushin da murfinsa, a sassauta kaɗan har a ji yana ƙwas-ƙwas idan an girgiza dayis. Wasu kuma sukan aika wa Forster dayis na gama-gari a goge wuyansa zuwa faɗin da suke so, ƙarfe ɗaya ne wuya da jiki, ba inda zai kauce.

Injiniya Kabiru: Akwai abin da geji ke ɓoyewa, shi ne kaurin bangon wuya. Bushin waje yake daidaitawa. Idan gefe ɗaya 0.013 ne ɗaya gefen 0.015, wajen zai nuna sifili a agogo, amma ramin ciki ya bar tsakiya da 0.001, ƙwayar kuma ramin za ta bi. Ana auna wannan da maikuromita mai ƙwallo a baki, wuri huɗu zagayen wuya. Bambancin da bai wuce 0.001 ba ya yi. Kuma kaurin nan ba a wuya ya tsaya ba, yakan bi jikin kwanson har ƙasa. Gefen da ya fi siriri ya fi buɗewa wajen harbi, ya fi miƙewa wajen matsi, bayan zagaye kaɗan kwanson ya lanƙwashe kamar ayaba. Fere wuya na gyara wuya, ba ya gyara jiki. Irin wannan kwanson a ajiye shi don harbin ɗumama bututu.

'Yan 6 PPC da ke fere wuya suna yi ne don mazauninsu, na gargajiya 0.262 ne, harsashin na shiga da sarari 0.001 zuwa 0.002. Mai mazaunin kamfani da ya fere da yawa ƙara sarari ya yi, wuyan zai riƙa buɗewa da rufewa da yawa har ya tsage da wuri. In dai za a fere, a shafe tudun kawai.

Nura: Wajen dasa ƙwayar ba a samun matsala kenan?

Malam Habu: Ana samu, uku ne sanannu. Tsinin doguwar ƙwaya na taɓa ƙarshen ramin sandar dasawa kafin gefen ramin ya kama lanƙwasarta, sai ta riƙa rawa a kan tsini. Shafa wa ƙwayar baƙin maka ka juya ta a cikin sandar: zobe ya kamata ka gani a jiki, in tsini ne ya goge to ka nemi sandar VLD, wato wadda aka yi don dogayen ƙwayoyi masu siririn tsini. Na biyu bakin kwanso da ba a kankare cikinsa ba, yana kankarar jan ƙarfen ƙwaya yana ture ta gefe, musamman mai shafaffen gindi. Na uku matsin wuya da ya yi yawa ko tagullar da ta taurare, sai an danna da ƙarfi, wuyan ya ba da kai ta gefen da ya fi rauni. Gasa wuyan da wuta don tagullar ta yi laushi yana taimakawa nan. Dayis masu hannun riga mai zamewa irin na Redding da Forster, ko na Wilson da ake dannawa da ƙaramin injin hannu, suna riƙe kwanso da ƙwaya a layi ɗaya kafin a fara turawa. Amma karkataccen wuya zai ba ka karkatacciyar ƙwaya ko da wane dayis.

Sadiƙ: Gejin Hornady na da sukurun da ake tura ƙwaya da shi a miƙar da ita. Wannan bai wadatar ba?

Baba Tanko: Allura za ta yi maka daɗi, shi kenan. Kana tura ƙwaya gefe kana buɗe bakin wuyan, riƙon da ya yi mata ya canza. Wanda aka tura da yawa ya saki, wanda ba a taɓa ba yana nan da ƙarfinsa. Ka sayar da daidaiton riƙon wuya ka sayi lamba mai kyau, a yadi 1000 kuma bambancin gudu sama da ƙasa yake watsa harbi. In mutum ya dage, ya tsaya ga harsashin kamfani da ba yadda zai yi da shi.

Dakta Rabi: Kuma bindiga mai ɗora wa kanta harsashi tana iya mayar da aikin baya. Ƙwayar na dukan gangaren shiga da ƙarfi, wanda ya fito daga geji da 0.001 ba lallai ya isa mazauni a haka ba. Masu .22 na gasar Olamfik a mita 50, inda da'irar maki goma milimita 10.4 ce, ba su ma dogara da geji. Bindigar suke kaiwa wurin gwajin kamfanin harsashi na Eley ko Lapua, a ɗaure ta, a harba rukunin harsashi daban-daban, su sayi wanda bututun ya karɓa.

Injiniya Kabiru: Nura, mu dawo kan .308 ɗinka. Da maƙogwaro 0.310 da tsalle mai nisa kafin tsagi, 0.004 na cikin abin da zai iya nunawa, amma sai in bindigar da mai ita suna harba ƙasa da rabin MOA a kai a kai. Idan MOA ɗaya take harbawa, a fara duba zaman ƙarfe a cikin ƙota, sukurorin madubi da irin ƙwayar. Ƙwaya mai lanƙwasa a hankali irin Sierra MatchKing giren 168 ko 175 ta fi yafe tsalle da karkata fiye da VLD mai kaifin kafaɗa. Gejin kuma ka yi amfani da shi wajen gano matakin da ke ɓata maka wuya, kwanso goma sun isa. Da ka gyara matakin lamba ta sauka 0.002, sai ka riƙa duba ɗaya cikin goma.

Nura: Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: alamar gefen tudu da Dakta ta ambata, tana aiki a bindigar Remington 700?

Malam Habu: Tana aiki idan ɗaya-ɗaya kake sawa da hannu, daga magazin ba ka da iko da yadda zai juya. Sai dai ka sani 700 na da ɗan turmin fitar da kwanso a fuskar sakata, mai sifirin, yana tura gindin kwanso ta gefe ɗaya kullum. Kwanson da aka mayar da kafaɗarsa baya da yawa, a ce 0.005, yana da filin da turmin zai kwantar da shi a karkace. Ka tsaya a 0.002, ka sa alamar tana kallon sama kowane harbi, ka haɗa ta cikin gwajin Dakta a matsayin kashi na uku.